Kwalin da Ban Buɗe ba a Foshan

Kai Nasiru, da kai Fa'iz, kun same ni a garejina a nan Sterling ta jihar Virginia ranar Asabar ina kankare busasshen siminti daga cokalin aiki. Kuka durƙusa kuka gaishe ni yadda iyayenku suka koya muku, na ji daɗi. Sai Nasiru ya ɓata gaisuwar. Wai kun gaji da jan wayoyi a gidajen kwamfutar nan na bayan filin jirgi, kuna so ku buɗe kamfanin ɗaura tayil, kun kalli bidiyo a waya kun ga abin ba wuya. "Uncle, weekend biyu kawai za ka ba mu, ka nuna mana hannu." Fa'iz kuma ya ciro wayarsa ya nuna mini tsohon hoton nan, ni da Dakta Bashir a kan dutse a China, hazo a bayanmu, ina dariya baki har kunne. Ya ce ai sana'ar ma da daɗi, har yawon duniya ake yi a cikinta.

Na ci gaba da kankarata, kuka ɗauka ko ban ji ba ne. Na ji sarai. Raina ne ya ɓaci, kuma na san idan na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba zai yi wa iyayenku daɗin ji ba. Shekara talatin da wani abu gwiwata na ƙasa, yanzu ko tashi daga sujada sai na dafa, ku kuma kun auna sana'ar kun ga ba ta wuce kwana huɗu ba. Hoton nan kuwa, da ina da iko da na goge shi daga wayar kowa. To ga amsarku a rubuce. Idan Hausar ta gagare ku, ku kai wa iyayenku mata su karanta muku.

Banɗaki na farko da aka bar ni na taɓa yana wani gida a Nasarawa, a Kano. Ubangidana mutumin Togo ne, Oga Komla, gajere, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Shekara biyu na yi a hannunsa ban ɗaura tayil ko ɗaya ba. Aikina tankaɗe yashi, kwaɓa siminti, jiƙa tayil a durom, da wanke kayan aiki idan an tashi. Ranar da ya ba ni banɗakin nan na zuba masa duk basirata, layi ya miƙe, kusurwa ta haɗu, na tsaya gefe ina jiran yabo. Ya shigo, ko kallon layin bai yi ba. Ya cire silifas, ya ɗauki bokiti cike da ruwa ya sheƙa a tsakiya, ya tsaya yana kallo. Ruwan ya yi ta yawo, ya je ya kwanta a bayan ƙofa, bai nufi magudana ba. Sannan ya taka da ƙafa ɗaya ya murza diddige. Ya ce mini ƙasan wurin wanka ba don ido ake yin sa ba, don ƙafa ake yi, jiƙaƙƙiyar ƙafa kuma. Ya miƙo mini guduma da cizal. Na fasa aikin kwana uku da hannuna, shi yana zaune a bakin ƙofa yana shan rake.

Kayan da kuka gani a rataye a garejin, kowa zai iya shiga kanti ya saye su da rana ɗaya. Cokali mai haƙora na shafa siminti, lebel mai ɗigon ruwa a ciki, gudumar roba, igiyar jan layi, injin yanka mai ruwa, soso da bokiti. Bidiyonku ya nuna muku su duka, na sani. Abin da bai nuna muku ba shi ne yadda ake ƙwanƙwasa tayil da makullin mota a ji ko akwai rami a ƙarƙashi, domin wanda ya zauna daram muryarsa daban, wanda ke da iska a ciki kuma ƙara yake kamar gwangwani. Bai nuna muku yadda ake shafa fuskar tayil da tafin hannu a san ko zai riƙe ƙafa ba. Bai gaya muku cewa kowane kwali yana da lambar gashi a gefensa ba, kuma tayil iri ɗaya, launi ɗaya, idan gashinsa ya bambanta to halinsa ya bambanta. Kayan aikina na gaskiya tafin hannu ne da tafin ƙafa, kuma su ba a kanti na samo su ba.

Kicin ɗin wata likitar haƙori 'yar Koriya a Annandale shi ne aikina na farko a ƙasar nan da sunana. Na zo da shekara goma sha biyar na gwaninta daga Kano, ina tafe ina hura hanci. Na ɗaura mata tayil kamar yadda na saba, kai tsaye a kan daɓe. Na manta cewa a gida daɓenmu kankare ne, nan kuwa katako ne, yana lanƙwasa idan an taka, yana motsi idan sanyi ya shigo. Wata uku sai ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ɗan yatsan ƙafa kawai ta nuna mini tsagar, tun daga firji har bakin ƙofa. Wani ɗan Salvador da muke haɗuwa a kantin kayan gini shi ya koya mini shimfiɗa allon siminti a ƙasa kafin tayil, ina da shekara arba'in ina ce masa to, to, kamar sabon shiga. Na sake mata kicin ɗin, kuma ita ce ta haɗa ni da rabin unguwarsu.

Masu ba ni aiki kala-kala ne, amma ba wanda ya kai namu 'yan gida wahala, kuma zan faɗa ko da za ku kai wa iyayenku. Namu sheƙi yake so. Injiniya ne, farfesa ne, ya karanta duk littattafan duniya, amma idan ya shiga kantin tayil wanda yake ganin fuskarsa a ciki shi zai nuna. Ka ce masa wannan na bango ne, ba na banɗaki ba, sai ya ce a gidan wane a Abuja ya ga irinsa. Kuma ba ka iya yi masa musu yadda za ka yi wa Bature, domin ya girme ka, ko ya halarci sunan 'yarka, ko matarsa da taka aminai ne. Kara ta kashe mini ayyuka fiye da mugun siminti.

Yanzu ga labarin hoton. Kuna yara lokacin da jama'armu suka samu tsohon ofishin nan na hanyar Germantown suka mayar da shi masallaci. Ba babban masallacin nan na Sterling nake nufi ba, namu ɗan ƙarami da kuke zuwa Juma'a. Komai an gama sai ƙasa: mashiga, banɗakuna, da wurin alwala. Shugaban kwamiti Dakta Bashir ne, likitan zuciya, mutumin kirki, kuma ina faɗin haka da gaske. Lokacin da matata ta kwanta a asibiti shi ya tsaya mana tsayin daka, shi ya riƙa yi wa likitocinta tambayoyin da ni ban san a yi ba. Shi ya kawo shawarar a je China a ɗauko kwantena guda, tunda a lokacin ba a tsawwala harajin shigo da tayil daga can ba, abin da ya ragu kuma masu gyaran gida a cikin jama'a su ɗauka. Aka ce ni da shi za mu je, shi ya yi magana, ni in duba kaya. Abin da aka tura ni yi ke nan, ba wani abu ba.

Ranar Juma'ar da za mu tashi, Malam Haruna ya tare ni a bakin ƙofa. Mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana karanta labarai a sashen Hausa na gidan rediyo kafin ya yi ritaya, muryar da iyayenmu suke kunnawa da safe a gida. Ba ya tuƙi, bas yake hawa, don haka kullum a masallaci yake sabunta alwala. Su a Nijar karo suke ce wa tayil, shi ya sa yake kirana Sale mai karo. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sale mai karo, ka dubo mana mai riƙe ƙafa. Ƙafafun namu sun tsufa." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai don haka za ni.

Foshan sunan garin, kusa da Guangzhou inda muka sauka. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. Ka yi tafiyar minti ashirin a mota, dama da hagu ba komai sai gidajen nuna tayil, wasu hawa biyar, ga manyan motoci a jere an ɗaure musu kwalaye har sama, ga zafi mai ɗanko kamar na Legas. Wadda kamfanin ya haɗa mu da ita Madam Lin ce, mace mai matsakaicin shekaru, Turancinta ya fi nawa. Ta kai mu cikin masana'antar. Murhun gashin doguwar rumfa ce ta ƙarfe, ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan, ɗanyen tayil na shiga yana tafiya a hankali a kan ƙarafa masu juyawa, yana fitowa can a gashe. Ni da na fara da jiƙa tayil a durom, sai na tsaya baki buɗe. Dakta sai da ya ja hannun rigata.

A ɗakin nuni, kamar yadda na zata, Dakta ya nufi wani fari mai walƙiya ya ce wannan zai haska masallaci. A nan ban yi kara ba. Na sa aka kwantar da samfur shida a ƙasa, na ciro butar robar da nake yawo da ita a jaka, na zuba wa kowanne ruwa, na cire takalmi da safa na taka ɗaya bayan ɗaya ina murza diddige. Ma'aikata suka taru suna dariya. Madam Lin ta ce masu saye daga Turai na'ura suke kawowa ta gwajin santsi, ni kuma na kawo ƙafa, sannan da kanta ta je ta ɗebo ruwan sabulu ta ce in gwada da shi ma. Biyar suka zame. Ɗaya mai launin yashi, mai ɗan kaushi, ya kama tafin ƙafata ya ƙi saki. Na juya bayansa na rubuta sunana da alƙalami, na nannaɗe shi a cikin rigar sanyi na sa a akwati. Aka ce kwana huɗu za a haɗa mana kayan a sito, rana ta biyar mu je mu buɗe kwalaye mu gani kafin a loda.

Kwana huɗun nan, ban taɓa ganin karamci irinsa ba, kuma shi ya ci mu. Madam Lin ta nemo mana gidan abincin Musulmin China inda ake ja taliya da hannu a gabanka. Ta sa aka kau da giya daga kowane tebur da za mu zauna. Lokacin salla ya yi, sai ka ga ta samo ɗaki ta shimfiɗa kwali mai tsabta, har alƙibla ta duba mana a wayarta. Ta kai mu wani tsohon gidan ibadarsu a tsakiyar gari, rufinsa cike da ƙananan mutum-mutumi na yumɓu, kowanne da fuskarsa, shekaru aru-aru rana da ruwa na dukan su launin bai kwanta ba. A farfajiyar muka ga samari biyu cikin rigar zaki suna tsalle a kan turaku. Washegari ta kai mu tsohuwar matoyar tukwane da aka gina a kwance a jikin tudu, suka ce ɗaruruwan shekaru ke nan ana hura mata wuta da itace. Wani tsoho a wurin ya ɗauki kofi biyu da suka fito daga wuta ɗaya, ya nuna mini yadda na kusa da bakin wuta ya fi na can ciki duhu. Na gyaɗa kai, domin abin da na sani ne. Yumɓu da wuta ba sa maimaita kansu daidai.

Rana ta biyar da safe ta same mu a zauren otal. Jirginmu da yamma ne. Ta ce kaya sun haɗu a sito, amma siton yana wancan gefen gari, dutsen da ta yi mana alkawarin gani kuma yana wannan gefen, lokaci ba zai ishe mu duka biyu ba, ta tambaye mu wanne muka zaɓa. Ta buɗe jakarta ta nuna mini wuƙar yanka kwali da safar hannu, ta riga ta shirya. A wurinta ba wani abu ba ne, kowane mai saye yana buɗe kwali, aikinta ne ta kai shi.

Dakta ya juyo gare ni da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Malam Sale, matar nan ta ɗauke mu kamar 'yan uwanta. Yanzu mu je mu tsaya a kansu muna farke kwali kamar mun kama ɓarayi? Ai da kunya. Ka riga ka gwada."

Sannan ya juya ya gaya mata da Turanci cewa mun yarda da su, ba sai mun duba ba. Ta sake tambaya, kuma wannan karon ni ta kalla, ba shi ba. Ku saurara da kyau, domin duk abin da zan koya muku yana cikin wannan daƙiƙar. Na san lambar gashi. Na san samfurin ɗakin nuni daban, kayan sito daban. Jiya-jiya tsoho ya nuna mini kofi biyu. Amma Dakta ya riga ya yi magana a gaban baƙuwa, kuma a tarbiyyar da aka yi mini ba ka ƙaryata babba a gaban bare, balle wanda ya tsaya a kan matarka tana kwance. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ta mayar da wuƙar cikin jaka.

Dutsen yana da kyau, kuma wannan yana cikin abin da ke ƙona mini rai har yau. Da ma ya kasance banza ne. Gora ce dogaye ta rufe hanya, ga tafki a sama kore shar, ga ruwa na zubowa daga tsagin dutse yana jiƙa matakala, ga tsofaffi suna motsa jiki a hankali a ƙarƙashin bishiyoyi. Daga can ƙololuwa kana hango garin duka da bututun masana'antunsa cikin hazo. Abin da ya fi ɗaukar hankalina matakalar ce. Masassaƙan da suka yi ta tun zamanin da sun tsaga ƙananan layuka a kan kowane taki, don kada jiƙaƙƙen dutse ya kayar da mai hawa. Na durƙusa na shafa, har na kira Dakta na nuna masa, ina yaba wa mutanen da suka mutu tun tuni saboda sun tuna da ƙafar wanda ba su sani ba. Ina wannan surutun ana loda kwalayenmu a wancan gefen gari ba wanda ya buɗe ko ɗaya. A nan Madam Lin ta ce mu tsaya ta ɗauke mu hoto. Shi ne wanda Fa'iz ya nuna mini.

Kwantenar ta iso saura kwana goma azumi. Na yanka kwalin farko a filin ajiye motoci na masallaci, na zaro ɗaya. Launin yashi ne, zanen shi ne, girman shi ne. Na shafa da tafin hannu, na ji kaushin bai kai na samfurin ba. Na ɗauko samfurin da na rubuta wa suna na ajiye su gefe da gefe, ido ba zai raba su ba. Na duba gefen kwali, lambar gashi daban. Na zuba ruwa na taka, a bushe yana riƙewa, a jiƙe kuwa diddigena ya tafi. Na buɗe kwali goma daga wurare daban-daban, duk haka. Ko kuskuren sito ne, ko wani ne ya ga ba mu duba ba ya tura abin da ke kusa, ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Ranar da ya kamata in sani ina kan dutse ina yabon matakala.

Na kira Dakta na gaya masa wannan ba zai yi wurin alwala ba. A sa shi a mashiga inda ake shimfiɗa kafet, wurin alwala kuma a sayi wani a nan. Ya ce jama'a sun ga kwantena ta iso, an sanar a mumbari, yanzu a ce musu kayan da shugaban kwamiti ya je ya zaɓo da kansa ba su yi ba? Ya ce za a shimfiɗa tabarmar roba a kai, kuma ni dai na cika tsanani. Karo na biyu ke nan, kuma wannan karon ba baƙuwa a wurin, ba ni da ko wannan uzurin. Na ce to. Na ɗaura shi. Kuma na ɗaura shi da kyau, wannan ne abin takaicin. Gangaren ya tafi magudana daidai, ba tayil ɗaya mai ƙarar gwangwani, layi kamar an ja da zare. Mutane suka yi ta shigowa suna sa mini albarka.

Juma'a ta biyu a cikin azumi, masu shara sun ɗauke tabarmin robar sun shanya a waje saboda sun fara wari. Ina sahu na biyu ina jiran huɗuba na ji ƙarar, irin ta buhu idan ya faɗo daga mota. Kafin kowa ya gaya mini na san mene ne. Na tarar da Malam Haruna a kwance a gefe ɗaya, hularsa a cikin magudana. Ya wanke ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu zai kai famfo, ta daman ta tafi da shi. Dakta ya durƙusa a kansa yana hana a motsa shi. Shi kuma tsohon, gumi na keto masa, sai cewa yake, "Ça va, ça va, ba komai." Da muke jiran motar asibiti ya kamo rigata ya ce alwalarsa ba ta cika ba, saura ƙafar hagu. Na ɗebo ruwa a tafin hannuna na wanke masa ita a kwance. Ƙashin ƙugu ne ya karye.

Washegari da hantsi na zo da guduma da cizal, ban nemi izinin kwamiti ba, ban kira kowa ba. Da azumi a bakina na fara daga bakin magudana. Aikin da na yi da kyau ya ƙi fita da sauƙi, kowane tayil sai na farfasa shi gutsu-gutsu. Wajen azahar Dakta ya shigo ya tsaya a ƙofa. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta.

Na ajiye guduma. "Dakta, kai idan za ka buɗe ƙirjin mutum, kunyar wa kake ji kafin ka duba hotonsa? Ni aka tura in duba. Ka hana ni, ni kuma na hanu. Allah ya rubuta, amma da hannuna aka ɗaura."

Ban taɓa yi masa magana haka ba, kuma muryata ta fita har waje. Sai ya cire kwat ɗinsa ya rataye a famfo, ya ɗauki bokiti ya fara kwashe ɓaraguzai. Har la'asar muna aiki tare. Na sayo tayil mai kaushi a nan Virginia, mummuna, launin toka, na gwada kowane kwali da ƙafata a gaban mai kanti. Shi ne wanda kuke takawa yanzu ba ku ko lura da shi.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Rabin jama'a suka ce Sale ne ya ɗaura tayil ɗin da ya karya Malam Haruna, kuma gaskiya suka faɗa. Sauran rabin suka ce Sale ya ɗaga wa Dakta murya a cikin masallaci da azumi, ba shi da ta ido. Wayata ta daina ƙara daga wajen namu. 'Yan Koriya da 'yan Habasha na Annandale su suka riƙe ni har abin ya lafa. Na rubuta wa Madam Lin, ta amsa da ban haƙuri mai tsawo, ta ce za su bincika, a ƙarshe kuma ta tuna mini cikin ladabi cewa sau biyu ta tambaya. Ban sake rubuta mata ba.

Na je duba Malam Haruna a gidan jinya inda ake koya masa tafiya da ƙarfen dogarawa. Ya rame, amma muryar rediyon tana nan. Tun kafin in zauna ya ce kada in damu, karona yana da kyau, shi ne ya tsufa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai na gaya masa komai, wuƙar da aka mayar jaka, sunkuyar da kaina, kwali goma da na buɗe a filin mota na kuma ɗaura duk da haka. Ya juya yana kallon taga. Can ya ce, "Dutsen, yana da kyau?" Na ce yana da kyau. Ya ce, "To madalla. Ko ba komai wani ya ga wuri." Bai ƙara tayar da maganar ba har yau.

Kun san shi, ko ba ku san sunansa ba. Shi ne tsohon da ke salla a kan farar kujera a ƙarshen sahun farko, wanda kuke wucewa ta gabansa da sauri kuna duba waya. Tun daga ranar nan goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba. Tayil biyun kuma suna nan a garejina a kan kanta, wanda na rubuta wa suna da ɗan uwansa, kun tsaya kusa da su ranar Asabar kuna maganar weekend biyu. Duk wanda zai yi aiki da ni sai ya cire takalmi ya raba su da ƙafarsa. Wannan ma mai sauƙin ne, kowa zai iya koya. Mai wuyar shi ne ranar da wanda ya girme ka, wanda ya yi maka alheri, zai dube ka ya ce ai da kunya, kai kuma ka ce masa a'a, a ba ni wuƙa. Ni na kasa, sau biyu, da furfura a gemuna.

Idan har yanzu kuna so, kada ku fara da garejina. Ku zo masallaci ranar Juma'a da wuri, kafin bas ɗin sha biyu da rabi ta sauke shi. Kujerar tana bayan ƙofar wurin alwala. Ɗayanku ya ɗauko ta ya riƙe masa, ɗayan ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Hannunsa ba ya kaiwa ƙafar hagu yanzu, ni nake wanke masa ita duk mako, kuma gwiwata ta fara ƙi. Idan kun gama, sai mu yi maganar tayil.